Adakar kakanmu ta fito a Aboabo, wani ya taya, in sallama?

Dan_Aboabo:
Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sani ku ba ni shawara. Satin da ya wuce muna rushe tsohon ɗakin kakanmu a unguwar Aboabo nan Kumasi za a ɗora bene, ɗakin nan tun rasuwarsa ba mai kwana ciki sai tarkace ake jibgewa, to a ƙarƙashin gadon ƙarfe muka jawo wata adaka duk ta yi tsatsa sai da guduma muka fasa kwaɗon. A ciki akwai gafaka biyu cike da takardu rubutun hannu, wasu Larabci wasu kamar ajami don na tsinci kalmar goro da jaki. Akwai ƙunshin tsumma da 'yan ƙananan tagulla guda 23, yawancinsu masu kusurwa huɗu da zane a kai, amma ɗaya kada biyu ne a gicciye cikinsu ɗaya, ɗaya kuma mutum ne riƙe da tukunyar taba. Da ɗan mitsitsin sikeli da cokali kamar na wasan yara, da wuri cike da gwangwani, da wani baƙin dutse mai santsi kamar bakin gatari, da wani dutsen mai ƙyalli ruwan zinariya. Birkilanmu ya ɗauki hoto ya tura wa wani ban sani ba, washegari sai ga mutum a babur wai yana sayen kayan da, ya taya duka sidi 4,000, da na yi shiru ya ce 6,000. Gaskiya siminti ya yi tsada kuma aiki ya tsaya. In sallama ko in ce albarka?

SarkinBes_Asawase:
Chale wanda ya tashi daga 4,000 zuwa 6,000 don kawai ka yi shiru, ƙara yin shiru ka gani hhhh

Hajiya_Yalwa:
Ɗana, kafin maganar kuɗi, adakar taka ce kai kaɗai? 'Ya'yan marigayin nawa ne a raye? Kayan gado ne fa. Kar siminti ya haɗa ka da gwaggonninka, na ga gidan da tukunyar tagulla ɗaya ta raba zumunci shekara goma ba a gaisawa.

Dan_Aboabo:
Hajiya gaskiyarki, saura gwaggo ɗaya nan gidan da kawu ɗaya a Tafo. Ban gaya musu ba tukuna.

Hajiya_Yalwa:
To ka fara da nan.

Ticha_Idi_Sawaba:
Tagullan nan ma'aunin zinariya ne na Tonawa, wato mutanen Asante, su suna ce musu abrammuo. Kafin kuɗin Bature ya zauna a ƙasar Asante garin zinariya ne kuɗi, kowane ɗan kasuwa yana yawo da sikelinsa da ma'aunansa da cokalin ɗiba a ƙunshe, mai saye ya auna da nasa mai sayarwa ya auna da nasa, sai an daidaita. Kadan nan biyu masu ciki ɗaya karin magana ne a wurinsu, wai cikinsu ɗaya amma suna faɗa a kan abinci. Masu kusurwa huɗun da ka raina, salonsu ya ma riga na masu siffar mutane da dabbobi. Kuma wani abin da mutanenmu ba su sani ba, wasu daga cikin awon a kan miskali aka gina su, awon Musulmi mai giram huɗu da rabi ko kusa da haka, Wangarawa suka shigo da shi. Wato mu ma da hannun namu a ciki.

Abu_Sumayya:
Ni shawarata ɗaya, siffar mutum da ta dabba ba su da wurin zama a gidan Musulmi. Ka fitar da su, ko ka sayar ko ka zubar. Wa ya san abin da aka yi da su?

Ticha_Idi_Sawaba:
@Abu_Sumayya Malam abin da aka yi da su awo ne, kamar dutsen sikelin mai nama a kasuwar Kejetia. Ba wanda ya taɓa yanka musu kaza. In hukuncin ajiye siffa kake magana wannan fagenku ne na malamai, amma a ce a zubar da abin da ya shekara sama da ɗari a kwata, haba.

Maigoro_Alabar:
Ni takardun ne suka tsaya min a rai. Kakanka bafatake ne ko? Don in ka ga goro da jaki a takarda to lissafin ayari ne. Namu kakan daga Kano ya zo, da can Tonawa ba sa barin fatake su shigo Kumasi sayen goro, a Salaga ake tsayawa, can ake kawo goron, mu kuma mu kawo kanwa da fata da tufafi da shanu. Shi ya sa ake ce musu fataken Gwanja. Da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa garin sai mutane suka fantsama, wasu Karachi wasu Yeji wasu Kintampo wasu har Accra, bayan Turawa sun ci Asante kuma zangon Kumasi ya cika. Mu namu takardun gara ta cinye su kaf, muna yara muna ganin adakar a kan bulo ba mai buɗewa don tsoro wai akwai asiri a ciki, ranar da aka buɗe ƙasa ce kawai ja da 'yan guntaye kamar ƙaiƙayi. Babanmu ya zauna a bakin ƙofa ya daɗe bai ce komai ba. Don haka wanda ya ce maka ajiye kawai bai gama magana ba, ajiyewa ma aiki ce.

Yar_Legon:
Yaya Dan_Aboabo don girman Allah abu uku kar ka yi yau. Kar ka sa takardun a leda, danshin Kumasi zai taru a ciki su yi fumfuna. Kar ka manna salatef a inda ya yage, kuma kar wani ya ce maka a kai a yi laminetin, zafin injin da gam ɗin suna kashe takarda kuma ba a iya cirewa. Sannan kar ka karkaɗa su ka sake jerawa, littattafanmu na da ba a ɗinke su ba, warwara suke a cikin tadarishi, in ka duba ƙasan shafi za ka ga kalma ɗaya an rubuta ita kaɗai a gefe, ita ce kalmar farko ta shafi na gaba, da ita ake gane jeri. Ka wanke hannu ya bushe, ka ɗauki hoton kowane shafi da waya yadda ka same su ɗaya bayan ɗaya. Tagullan ma kar ka goge su da lemon tsami ko toka don su yi ƙyalli, wannan duhun da ke jikinsu shi ne shaidar shekarunsu.

Dan_Aboabo:
Kai, ƙanwata kin makara da kaɗan, ƙanina ya riga ya goge guda biyu da omo da soson ƙarfe wai yana son ya ga ko zinariya ce

Yar_Legon:
Inna lillahi. To sauran 21 a ɓoye masa.

SarkinBes_Asawase:
A ɓoye ƙanin dai gaba ɗaya

Boga_Hamburg:
Ku bar yaudarar kanku, mutumin babur ɗin nan yaron wani ne, shi ma wanin yaron wani ne, ƙarshen kayan nan wani shago a Turai da fitila a kansu da farashi a yuro. Na shiga irin shagunan nan da ƙafata na ga ma'aunan Tonawa a jere cikin gilas, na tambayi kuɗin ɗaya na fito ina lissafi da sidi a kaina har na wuce tashar jirgina. Amma kuma in faɗi gaskiya, a can ana kula da su, ba gara ba tsatsa. Mu a gida me muke yi da su?

Ticha_Idi_Sawaba:
Boga ai har yanzu ana zuba irinsu a Krofofrom nan bayan gari, da kakin zuma ake siffanta abin, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin ya fita a zuba tagulla a gurbinsa. Sababbi sun cika kasuwar masu yawon buɗe ido, wasu ma binnewa suke a ƙasa su yi duhu su ce tsofaffi ne. Shi ya sa dillalai suke rububin wanda ya fito daga adakar gida da sikelinsa da cokalinsa da tsummansa a tare, wannan ba a iya ƙirƙira shi. Kuma akwai doka, tun 1969 ba a fitar da kayan tarihi daga Ghana sai da takardar izinin hukumar gidajen tarihi. Ka tambayi mai babur ko yana da ita ka ga yadda fuskarsa za ta yi.

Kaka_Mai_Koko:
Baƙin dutsen nan gatarin aradu ne, kar ka bari ya fita gidan. Inda tsawa ta faɗi nan ake samunsa, yana nutsewa ƙasa bayan shekaru ya taso. Gidan da yake aradu ba ta faɗa masa. Mu ma muna da shi wajen uwata, in yaro na firgita ana jiƙa shi a ruwa a ba shi.

Yar_Legon:
Kaka ina gaisuwa, a gafarce ni zan ɗan saɓa miki. Gatari ne da gaske, amma hannun mutum ne ya yi shi. Kafin a san ƙira, dutse mai tauri ake samu a yi ta wasa shi a kan wani dutsen har ya yi baki, a ɗaure a ƙota a sare itace. Mutanen da suka zauna wajen Kintampo shekara 3,500 zuwa 4,000 da suka wuce sun bar su da yawa tare da tukwanensu. Dalilin da ya sa ake tsintarsa bayan ruwa mai tsawa, ruwan ne yake wanke ƙasa ya fito da shi. Abin mamakin shi ne Tonawa ma haka suka ɗauka, suna ce masa Nyame akuma, gatarin Ubangiji, har a tukunyar da ke kan sandar bautarsu suke sa shi. Yaya ka duba bakin da kyau a rana, za ka ga 'yan layuka siri-siri na wasawa duk sun bi gefe ɗaya.

Kaka_Mai_Koko:
'Yar nan boko ya yi miki yawa. Ni dai gidanmu aradu ba ta taɓa faɗa masa ba.

SarkinBes_Asawase:
Kaka namu gidan ma ba ta taɓa faɗa masa ba kuma ko dutsen niƙa ba mu da shi

Injiniya_Obuasi:
Ku bar Kaka, maganar dutse daga sama ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, wurin ne kawai aka kuskure. In kuna son ganin inda dutse ya faɗo daga sama da gaske ku hau mota zuwa Bosomtwi, kilomita 30 ne ko kusa daga Kumasi. Ramin nan dutse ne daga sararin samaniya ya dake shi sama da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, faɗinsa kilomita goma da rabi daga baki zuwa baki, ruwa ya taru a tsakiya ya zama tafki, shi ya sa kake gangarawa kamar cikin kwano in za ka Abono kuma ba kogin da ke fita daga cikinsa. Ƙarfin dukan ya narkar da dutse ya watsa shi sama, an tsinci ɗigonsa da ya daskare kamar baƙin gilas har cikin Kodebuwa. A 2004 masana sun zo sun haƙa ƙarƙashin tafkin sun ciro dutsen da ya farfashe.

Shi kuma mai ƙyallin naka Dan_Aboabo, ba na son in karya maka zuciya amma kashi tara cikin goma ba zinariya ba ce, wanda muke kira farait ne, ƙarfe da farar wuta. Gwaji mai sauƙi: ka goga shi a bayan tayil inda ba santsi, in ya bar baƙin layi mai ɗan kore to shi ne, zinariya rawaya take bari. Ko ka ɓantari kaɗan ka doka da guduma, zinariya lanƙwasa take ta baje kamar dalma, wannan kuwa rugujewa zai yi ya zama gari. Amma kakanka ba wawa ba ne da ya ajiye, sau da yawa inda yake zinariya na kusa, a Obuasi ma zinariyar a cikin irin waɗannan duwatsun take ɓoye ido ba ya ganinta.

Dan_Aboabo:
Injiniya na gwada yanzun nan a bayan tayil ɗin banɗaki. Baƙi ne. Shi ke nan bene ya koma hannun Allah.

Abu_Sumayya:
Ni wannan miliyan-miliyan ɗin ne ba na gane wa. Wa yake wurin da ya ƙirga? A riƙa jin tsoron Allah wajen magana.

Injiniya_Obuasi:
Malam ba ƙirgawa ake da yatsa ba, akwai sinadarai a cikin dutse da suke rikiɗa a hankali da ma'auni sananne, ana auna nawa ya rikiɗa nawa ya saura. Da wannan ilmin ake neman zinariyar da ake biyanmu albashi da ita. Duwatsun da ke ƙarƙashin Kumasi da Obuasi sun haura shekara biliyan biyu, shi ya sa duk haƙar da ake yi ba za ka ji an ce an ciro ƙashin wata dabba da ya zama dutse ba, lokacin da suka samu babu mai ƙashi a duniya tukuna. Amma a Accra, duwatsun da ke ƙarƙashin tsakiyar gari wajen bakin teku, an samu bawon ƙananan halittun ruwa a manne a ciki, na sama da shekara miliyan 350.

Dan_Agadas_a_Nima:
Ku zo Nijar ku ga ƙashi. Wajen Gadufawa a cikin Tenere ƙasusuwan dainaso a fili suke kan rairayi, iska ta yaye su, Buzaye sun san su tun kafin Bature ya zo. Har da wani kada da tsawonsa ya kai motar bas. A gidan tarihi na Yamai akwai wanda aka harhaɗa aka tsayar, ni da idona na tsaya ƙarƙashinsa ina yaro na ƙi matsawa kusa. Wurin da yau ko ciyawa babu, da koguna ne.

Alaramma_Tafo:
Abu Sumayya, a yi sassauci. Alƙur'ani bai ba mu adadin shekarun duniya ba, kuma a Ankabut aya ta 20 cewa aka yi a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta. Wanda ya duba ya faɗi abin da ya gani bai yi laifi ba. Mu koma kan takardu don su ne suka fi damuna. Ɗana, in akwai Alƙur'ani ko littafin karatu a ciki, ka duba ƙarshensa, magabata sukan rubuta sunan wanda ya kwafa da malaminsa da garin da aka gama, wani lokaci har a ce waƙafi ne, in waƙafi ne kuwa ba ya sayuwa ko magada sun yarda. In ka ga masu hatimi da gidaje-gidaje da lambobi kar ka tsorata, ba sa cizo. Ka kawo min hotunan bayan la'asar in duba maka, ba sai ka ɗauko takardun ba.

Ticha_Idi_Sawaba:
Allah ya saka Alaramma. Mutane suna ɗauka tarihin zango baki ne kawai, alhali rubutacce ne. Alhaji Umaru na Karachi, haifaffen Kano da ya rasu 1934, waƙoƙinsa na Hausa da Larabci har kan zuwan Nasara ya yi, almajiransa sun bazu ko'ina a ƙasar nan suna kwafa, ba abin mamaki ba ne a samu kwafi a adakar bafatake. A shekarun 1960 cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar Legon ta bi gidajen malamai tana aron littattafai tana ɗaukar hotonsu, ɗaruruwa aka tara a haka. Kai har a Kofanhegan ta Denmak akwai tarin takardun Musulmin Kumasi na farkon ƙarni na 19, wasiƙu da addu'o'in da aka rubuta wa sarakunan Asante. Tsohon garin Karachi kuma yana ƙarƙashin ruwan Volta tun da aka datse kogin a Akosombo.

Hajiya_Yalwa:
Aro kuma? Hmm. Mu wani ya zo gidanmu da jaka da katin wuya da Hausarsa rangaɗaɗau, ya ce bincike yake, ya ari littafin kakanmu na sati biyu. Yau shekara 19. Mahaifiyata har ta rasu tana tambaya. Duk wanda zai ɗauki hoto ya zo ya ɗauka a tsakar gida ina zaune ina kallonsa.

Boga_Hamburg:
Maganar aro ta tuna min abin da ya fi ci min rai. Kayan da Ingilishi suka kwashe a fadar Kumasi 1874 lokacin Sarki Kofi Karikari, suka ƙona gari, suka dawo 1896 suka kama Sarki Prempeh suka ƙara kwasa, wai a 2024 sun dawo da guda 32 amma ARO, shekara uku, in an so a ƙara uku. Ɓarawo ya ara maka rigarka ranar sallah.

Yar_Legon:
Haka ne, 15 daga babban gidan tarihin Birtaniya, 17 daga ɗaya gidan na Landan, sun ce dokar ƙasarsu ta hana su bayarwa dungurungum. Amma wani gidan tarihi na jami'a a Los Anjalis ya dawo da guda 7 kyauta ba sharaɗi a farkon shekarar. Na je gidan tarihin fadar Manhyia a Kumasi na gani, akwai takobin sarauta da faifan zinariya da masu wanke kurwar sarki suke ratayawa a ƙirji. Wata tsohuwa a gabana ta tsaya gaban gilas ɗin ta ɗora hannu biyu a ka tana magana ƙasa-ƙasa, ba da Turanci ba, da Tonanci, kamar mai yi wa wanda ya dawo daga tafiya sannu da zuwa. Ni dai na gwammace aron da babu.

Boga_Hamburg:
Karɓar aron ai kamar ka sa hannu ne cewa nasu ne.

Maigoro_Alabar:
Ku yi a hankali da zagin ɓarayi, don in aka buɗe wannan littafin mu ma da shafinmu. Sojan Hausa suna cikin rundunar Golba, hafsan Ingilishi, a yaƙin 1874, kuma da Yaa Asantewaa ta jagoranci Tonawa suka kewaye kagarar Turawa ta Kumasi a 1900 su wa ke ciki riƙe da bindiga? Wasu gidajen zangon nan asalinsu barikin soja ne ba ayari ba. Ban ce kakan kowa ba fa.

SarkinBes_Asawase:
Dan_Aboabo zo ka faɗa mana gaskiya, kakanka awo ya yi da tagullan nan ko ganima ce 😂

Dan_Aboabo:
Rufa min asiri, goro ya sayar har ya rasu, duk Aboabo an sani

Ticha_Idi_Sawaba:
Ai ba sai an kai ga ganima ba. Da aka daina ciniki da garin zinariya ma'aunan sun zama ba su da aiki, an yi ta sayar da su da arha, wasu an ba da su jingina. Wurin da ke gwangwanin ma haka ya mutu a hannun mutane. Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kawo shi, kuma sunan sidin da ke aljihunka daga sunan wuri ne da Tonanci, pesewa kuma ƙaramin awon garin zinariya ne. Wato mai babur sidi zai ba ka ya karɓi kakan sidi.

Galamse_Ya_Isa:
Kuna ta kukan abin da Bature ya ɗauka shekara 150, wanda muke lalatawa da hannunmu yau fa? Ku je ku ga kogin Ofin da na Pra, ruwa ya koma kamar kunun kanwa. Injin haƙa ba ya tambaya ko tsohon kufai ne ko maƙabarta, tukwane da duwatsun wuya na da duk yana niƙewa ya wuce. A arewa ma mutum-mutumin yumɓu na ƙasar Koma, da aka fara haƙa a Yikpabongo 1985, waɗanda suka haura shekara 700, nawa aka tone da dare aka sayar? Ba Bature ya riƙe shebur ɗin ba.

Injiniya_Obuasi:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma wanda ya riƙe shebur ɗin yunwa ce ta miƙa masa. Kamar dai mai bene da siminti.

Ummu_Nima:
Ni ban gane ba, duk kun ce kar ya sayar, to wa zai saya masa simintin? Tarihi ba ya hana ɗaki yoyo. In gidan tarihi na so su biya shi mana. Ni da zai raba, takardu su zauna a gida tunda sunan kakansa ne a ciki, tagulla kuwa ai ba na kakanninmu ba ne, ya sayar wa wanda zai ajiye su a ƙasar nan.

Yar_Legon:
Anti matsalar rabawa ita ce, darajar abin a haɗe take. Ma'aunin Tonawa akwai dubbai a duniya, amma wanda aka san adakar da ya fito, da sunan mai ita, da takardun cinikinsa a gefe, wannan shi ne ba a samu. Da zarar mai babur ya juye su a buhu sun zama tagulla kawai. Ko zai sayar a ƙarshe, a fara ɗaukar hoto a auna kowanne a rubuta. Kuma ana iya ba gidan tarihi ajiya da yarjejeniya a rubuce ba tare da an sallama ba.

Hajiya_Yalwa:
A rubuce, da shaidu, da hoto. Na faɗa muku nawa.

Dan_Aboabo:
To jama'a ga inda aka kwana. Na gaya wa gwaggo da daddare, ba ta ce uffan ba ta tashi ta sa yara suka kinkimi adakar zuwa ɗakinta ta kulle ta sa makullin a bakin zane. Ta ce tana yarinya ta sha ganin Baba yana fito da sikelin nan ranar Juma'a ya goge ya mayar, bai taɓa bari an taɓa ba. Kawu na Tafo kuma a waya ya ce a sayar da tagullan a raba, takardu a bar wa gwaggo, sun yi ta yi har kati ya ƙare. Na samu na ɗauki hoton shafi 40 kafin a kulle, na kai wa Alaramma.

Alaramma_Tafo:
Na duba. Gafaka ɗaya Ishiriniya ce da wasu 'yan littattafan fiƙihu, hannu mai kyau, wasali da jan tawada. Ɗayar kuwa lissafi ne da ajami, wane ya karɓi goro kaza zai biya bayan salla, wane ya biya, wane saura. Akwai sunan Salaga da Yeji da Atebubu. Wasu an ja musu layi wasu ba a ja ba.

SarkinBes_Asawase:
Waɗanda ba a ja wa layi ba a karanto sunayen, jikokinsu na nan group ɗin nan, siminti ya samu

Maigoro_Alabar:
Alaramma in ka ga sunan Kano a ciki ka yi min magana a gefe tukuna.

Ummu_Nima:
Mai babur fa, ya sake kira?

Dan_Aboabo:
Sau uku. Yanzu ya ce 9,000 amma tagulla da sikeli kawai, takardun wai ba ya so. Na ce ya je ya samu gwaggo.

Yar_Legon:
Yaya in gwaggo ta yarda ta buɗe, ka ɗaga shafi ɗaya na Ishiriniyar a hankali ka sa haske ta bayansa. In ka ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, ta Italiya ce irin wadda fatake ke kawowa ta hamada, zai taimaka a kintaci lokacin. Ka turo hoton.

Dan_Aboabo:
An ɗauke wuta tun magariba kuma gwaggo ta kwanta da makullin. Sai gobe in ta sha koko.